Daga Gwandu Zuwa Kalgo: Ina Ake Kai Yaron da Ya Gaji da Ƙwaya?

Mun bar Sakkwato da hantsi, cikin watan Maris, lokacin da hunturu ya tattara nasa ya nasa, zafi ya karɓi gari. Ƙaramar motar haya ce, mu shida ban da direba. Muka wuce Boɗinga da Sifawa, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan ya taso daga Gwandu, muka miƙa hanyar Tambuwal. Fasinjoji na ta hirar tsadar taki da farashin albasa, ni kuwa hankalina na can wani wuri. Kwana uku kafin nan Gwaggo, ƙanwar mahaifina da aure ya kai Gwandu fiye da shekara talatin, ta sa an kira ni a waya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ɗana, ka taho. Auta na. Sun sake kama shi."

Duk wanda ya shiga Gwandu karon farko zai yi mamakin ƙanƙantarta idan ya auna da girman sunanta. Daga nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya riƙe yammacin daular Usmaniyya bayan Shehu ya raba ragamar mulki tsakaninsa da Muhammadu Bello a 1812, nan kuma ya rasu a 1829, hubbarensa na nan ana ziyarta. A garin nan ne Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya ci karo da kwafin Tarihus Sudan a 1853, ya zauna yana kwafar abin da ya iya. Yau fadar Sarkin Gwandu tana Birnin Kebbi, garin kuma ya zama hedikwatar ƙaramar hukuma, da kasuwarsa da fadamarsa da ’yan kabu-kabu a bakin tasha. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauke ni har ƙofar gidan Gwaggo.

Na tarar an riga an sako Auta. Yana kwance a zaure kan tabarma, ya juya fuska ga bango, rigarsa sharkaf da gumi. Taubashina ne, na girme shi da shekara goma sha biyar, kuma da can ba ma haɗuwa sai ya tsokane ni. Ran nan ko ɗago kai bai yi ba, sai cewa ya yi, “Sannu da hanya, Yaya.”

A tsakar gida Gwaggo ta ƙirga mini da yatsu. Wannan ne kamu na uku cikin shekara biyu. A na farko akuya biyu suka tafi wajen zirga-zirga da tara. A na biyu keken ɗinkinta. A wannan karon buhun shinkafar da ta ajiye don azumi. Ban tambaye ta wane ofishi ba ne, ita ma ba ta rarrabe kaki da kaki. Abin da ta sani shi ne mota ta zo da dare, an kwashe samarin da ke zama a wani kango bayan unguwa. “Kullum in sunka sako shi,” in ji ta, “sai ya kwana biyu shina rawar jiki awa mai masassara, ran na ukku ya koma. Ni ba kamun ad damuwata ba. In kamu na magani, su riƙe shi shekara. Ka hwaɗa min inda za ni kai shi a raba shi da abin ga.”

Na yi shiru, don ba ni da amsa a lokacin. Kowane yaro a unguwar zai iya nuna maka inda ake kulle mutum. Na tambayi manya uku a yammacin nan inda ake kai wanda ke son daina ƙwaya, kowa ya ba ni amsa daban: wani ya ce gidan malam, wani ya ce asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, wani ya ce sai dai addu’a.

Bayan la’asar na je gaishe da mai unguwa, dattijo mai natsuwa wanda ya san mahaifina. Ban ɓoye masa abin da ke raina ba, shi ma bai ɓoye mini nasa ba. Shi da kansa ya kai ƙara aka zo samamen, kuma bai yi nadama ba. Ya ce kafin nan ’yan mata ba sa iya bin wannan lungu zuwa Islamiyya, an sace injin ban-ruwa biyu a fadama cikin wata guda, an zare wa wata tsohuwa waya a hannu da rana tsaka. “Malam, kai baƙo na, jibi ka tahi. Mu muka kwana da su. In ban kira hukuma ba, mutane za su ɗauki sanda da kansu, wannan kau ya hi muni.” Na yarda da shi a nan, har zuciyata. Masu zama a ofis suna rubuta cewa a daina kame ba su taɓa kwana a gidan da ke jikin kango irin wannan ba. Talakan unguwa yana da haƙƙin ya yi barci, ’yarsa ta je makaranta ta dawo lafiya, kuma in aka hana shi wannan da sunan tausayin mashaya, an yi masa zalunci.

Sai na ce, “Ranka ya daɗe, bayan samamen fa?” Ya ɗan jima yana jan carbi. Ya ce ƙura kan lafa mako biyu, wani lokaci uku. Daga nan ko su dawo, ko su koma gindin mangwarori a wata unguwa, mai unguwar can ya gaji abin da shi ya kora. Wanda ke kawo musu kayan kuwa ba a taɓa samunsa a kangon ba, don ba ya zama, a kan babur yake zuwa ya wuce.

Da dare, bayan jikin Auta ya ɗan saki, muka zauna a ƙofar gida ya ba ni labari. Ba a majalisar banza ya fara ba, a gona ya fara. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman rani ya bunƙasa a jihar, aikin ƙwadago ya samu. Dashen shinkafa jinga ake yi: ka gama fili a biya ka, ka yi biyu a biya ka biyu. Yana ɗan shekara goma sha bakwai wani abokin aiki ya ga bayansa ya ƙage, ya miƙa masa ƙwaya ɗaya ya ce ya haɗa da shayi. Ranar ya yi aikin mutum biyu bai ji komai ba. Tiramol ce. Wadda likita ke rubutawa miligiram 50 ce ko 100, ta bayan fage kuwa da ake shigowa da ita har 225 take kaiwa. Cikin shekara guda ɗaya ta daina yi masa, ya koma biyu, ya koma huɗu, ya fara haɗawa da wiwi don ya samu barci. Sau ɗaya ya faɗi a kasuwa yana shure-shure, aka ce iska ce, aka yi masa hayaƙi da rubutu.

“Yaya, yanzu ba don daɗi nika sha ba,” ya ce. “In ban sha ba ƙashina kamar ana sara. Na rantse da Alƙur’ani sau biyu gaban Inna na bari. Ina jin tsoron rantsuwag ga ta ci ni.”

Wannan maganar ta tsaya mini a rai fiye da duk abin da na ji a tafiyar. Yaron da ke tsoron rantsuwa ta ci shi bai fita daga hannu ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa ’yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 4.6 daga ciki magungunan kashe zafi irin su tiramol suka sha ba bisa ƙa’ida ba. A Arewa maso Yamma kaɗai an ƙiyasta mutum kusan miliyan 3, kuma a faɗin ƙasar ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, wadda ba a ganinta a kango don a ɗaki take sha. Binciken ya ce ɗaya cikin biyar na masu shan ya kai matakin da abin ya zama ciwo. A tara dukkan gidajen yarin ƙasar nan, ba za su ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma na waɗannan ba.

Da asuba na bi jam’i a masallacin unguwa, na tsaya gaisawa da liman, na kawo masa zancen. Na zaci zai tsaya kan haramci kawai, sai ya ɗauko wani gefe. Ya tuna mini cewa giya ba rana ɗaya aka haramta ta ba, mataki-mataki aka bi da mutanen da suka tashi cikinta. Ya kuma kawo labarin sahabin nan da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, ana yi masa hukunci yana komawa, har wani ya tsine masa, Annabi ya hana tsinuwar, ya shaidi mutumin da son Allah da Manzonsa. Liman ya ce hukuncin bai faɗi ba, amma mutumin ma ba a jefar da shi ba, ya ci gaba da zama cikin sahu. “Mu nan,” in ji shi, “yaro in an kama shi sau guda, ba mai ba shi babur haya, ba mai ba shi ɗiya, in ya shigo masallaci kowa ya jawo takalminai kusa. To ina za shi in ba kangon ba?”

Kafin mu bar gari na ziyarci hubbaren Malam Abdullahi, na yi addu’a. Na tuna cewa mutumin da ke kwance a nan ya taɓa barin rundunar jihadi saboda takaicin yadda son duniya ya fara shiga zukatan mutane, ya nufi gabas, Kanawa suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya’ul Hukkami kan yadda ake riƙon jama’a. Mai takobi ne, kuma mai alƙalami da karantarwa. Ban ga dalilin da zai sa jikokin almajiransa su riƙe ɗaya su saki ɗaya ba.

Wani ɗan’uwan mijin Gwaggo ma’aikacin jinya ne, yana zaune a Kalgo, shi aka ce mu je mu gani. Muka kama hanya ni da Auta, ta gonakin albasa da buhunan da aka jera a bakin titi ana jiran manyan motoci. Kalgo na kusa da Birnin Kebbi, kuma garin ya canza fuska cikin ’yan shekarun nan: ga babbar cibiyar lafiya ta jiha, ga mazaunin dindindin na Jami’ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a kan hanyar Bunza, ga ɗalibai da gidajen haya da shaguna. Hanyar Bunzan nan ita ce ke miƙewa har Kamba, bakin iyakar Nijar, kuma jihar tana da wata iyakar da Benin ta wajen Bagudo. Wanda ya tsaya a mararrabar Kalgo ya ga yawan motocin da ke ratsawa zai gane cewa ƙwayar da ke aljihun lebura a fadamar Gwandu ta yi doguwar tafiya kafin ta iso shi, ta ratsa teku da tashar jiragen ruwa da shingaye da yawa.

Mai masaukinmu bai dawo daga aiki ba, sai muka zauna wajen mai shayi. Nan na haɗu da wani dattijo da ya yi shekara talatin da biyar cikin kaki kafin ya yi ritaya. Ya dubi Auta sau ɗaya ya gane, ya sa aka ƙara masa madara. Da hira ta yi nisa ya ce mini, a zamanin aikinsa ya fita samame ba adadi, kuma mafi yawan waɗanda ake kamawa su ne waɗanda suka bugu har ba sa iya gudu. Tsakar dare sai yaro ya fara karkarwa da amai a bayan kanta, ba likita, ba magani, babu wanda aka koya wa abin da zai yi. “Wallahi Malam, ba aikinmu ba ne, an dai ɗora mana ne don ba wanda zai ɗauka. A ba ni dila, in bi shi har inda ya kwana. Amma wanga yaro, me zan yi mishi da ankwa?”

Dokar da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989 ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da laifin mallaka ko shan hodar ibilis da makamantanta. An rubuta ta ne a zamanin da hankalin gwamnati ke kan masu safara ta filayen jiragen sama, ba a kan ɗan jinga mai ciwon baya ba. Ita kanta hukumar, musamman tun da Buba Marwa ya karɓi shugabancinta a Janairun 2021, ta ƙara ƙarfi wajen wayar da kai da ba da shawara, har ta buɗe layin waya na kyauta ga masu neman taimako. Wannan abin yabo ne. Sai dai uwa irin Gwaggo, wadda ta ga an jefa ɗanta a bayan mota, da wuya ta yarda ta kai shi da ƙafarta wurin da ta san akwai ɗakin tsarewa. Dole a samu wata ƙofar da ba kaki a bakinta.

In babu wannan ƙofar, mun ga inda iyaye ke zuwa. A watan Satumban 2019 ’yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, makonni kaɗan bayan haka aka sake samun irinsa a Daura da Katsina. Iyaye ne suka kai da yawa daga cikinsu, suna biyan kuɗi, don sun rasa yadda za su yi. An rufe gidajen, kuma rufewar daidai ce. Amma uwayen da suka kai ’ya’yansu can ba su daina buƙatar wurin kaiwa ba. Haka aka yi da kodin: bayan rahoton binciken BBC a ƙarshen Afrilun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kwalba ta yi tsada, masu sha da yawa suka koma wa abin da ya fi sauƙin samu.

Da mai masaukinmu ya dawo, ya shiga ɗaki da Auta su biyu, suka yi kusan awa guda. Da suka fito ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce tiramol dangin su kodin ce, in jiki ya saba da ita aka yanke rana ɗaya, ciwon gaɓoɓi da gumi da gudawa da rashin barci da firgici sukan taso, shi ya sa rantsuwa kaɗai ba ta riƙe mutum. Faɗuwar da ya yi a kasuwa kuwa ba iska ba ce, yawan ƙwayar ne ke jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma tana iya kashewa in ta same shi a kan babur ko a bakin ruwa. Abin da ake yi shi ne a rage a hankali ƙarƙashin kulawar likita, a bi da alamomin da magani, sannan a shiga doguwar tafiyar da ta fi wuya, ta watanni: zama da mai ba da shawara, sauya abokai, samun abin yi. Ya ce komawa sha bayan an daina ba abin mamaki ba ne a wannan ciwo, kamar yadda mai hawan jini kan sake kwanciya.

Shawararsa ita ce mu tafi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, gaba da Sakkwato, mu ga ƙwararru. Na lissafa kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, da abinci, da magani, da komawa ganin likita wata-wata. Ni mai albashi zan iya. Lebura ba zai iya ba, kuma leburori ne suka fi yawa a kangon. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin da Gwaggo ta kashe a kamu uku sun isa su kai Auta Kware tun shekara biyu da suka wuce, da akwai wanda ya nuna mata hanya ranar farko.

Ba sabuwar magana nake kawowa ba. Tun 2014 kwamitin Afirka ta Yamma kan miyagun ƙwayoyi, wanda Kofi Annan ya assasa, Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ya ba da shawarar a ɗauki shaye-shaye a matsayin matsalar lafiya, a karkata ƙarfin hukuma kan manyan masu safara. A ƙarshen shekarar nan Senegal ta buɗe cibiyar kula da masu wannan ciwo a asibitin Fann na Dakar, Ghana kuma ta sauya dokarta a 2020, ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ɗan abin da zai sha tara maimakon ɗaurin shekaru. Mu ma a Janairun 2023 an sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Abin da nake so in gani a Gwandu da Kalgo bai kai waɗannan girma ba: ma’aikaci ɗaya da aka horar a kowane babban asibiti, rana ɗaya a mako da aka san ta masu wannan larura ce, da yarjejeniya tsakanin mai unguwa da liman da jami’an tsaro cewa yaron da aka kama da ƙwaya biyu a aljihu, bai yi sata ba bai sari kowa ba, a miƙa shi can tare da waliyyinsa. Wanda ya saci inji a hukunta shi kan inji. Mai babur ɗin da ke rabon kaya a bi shi har gidan wanda ya aiko shi.

Mun kwana a Kalgo. Auta bai runtsa ba, ina jin juyinsa har aka kira assalatu. Da gari ya waye muka fita tasha neman motar Sakkwato, yana rungume da ’yar jakar leda mai riga biyu da ƙullin ƙuli-ƙulin da Gwaggo ta cusa masa. Saura mutum biyu mota ta cika, sai ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

“Yaya, in sunka sallame ni na koma sha, za su sake karɓata?”

Na ce masa haka ma’aikacin jinyar ya faɗa, za su karɓe shi, ni ma zan sake rako shi. Ya gyaɗa kai, ya shiga ya zauna a jikin taga. Ɗan kamasho ya ci gaba da kiran Sakkwato mutum biyu, ni kuma na koma gefe na kira Gwaggo in shaida mata mun kusa tashi.